Ƙanƙarar da Ba Mu Rubutawa

'Yan'uwa marubuta, mu da iyakar sanyinmu hunturu, in labari ya kai jarumarmu Amurka sai mu zuba mata dusar ƙanƙara kamar auduga, tana ɗaga hannu tana dariya. Mun sha yi.

Wani yayanmu mai tsaron shago a unguwar Bronx ya karanta namu, ya kira mu yana dariya. Ya ce a birnin New York doka ta ba mai shago awa 4 bayan dusar ta tsaya ya share gabansa, ban da ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe. Ya yi sake, tara. Da asuba yake fita da shebur da buhun gishiri. Abin tsoronsa ma ba tulin ba ne, siririyar nan ce da ke narkewa da rana ta daskare da dare, ido ba ya ganinta. Wata dattijuwa ta zame a ƙofarsu, magana ta kai ga lauya da kamfanin inshora. Tun ranar, duk sanda suka watsa gishiri sai sun rubuta lokacin a littafi.

Mun koma babi na uku, mun miƙa wa jarumar shebur.