DAGA NIS ZUWA GAZAWA: TARO BIYU, DALA BIYU

Birnin Nis yana kudancin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum. Gaɓarsa tsakuwa ce, babu rairayi, kuma da watan Yuli baƙi ƴan yawon buɗe ido sukan cika shi maƙil. A farkon watan Yuli na 2016, cikin waɗannan baƙi akwai mata daga ƙasashe da dama waɗanda ba hutu ya kawo su ba. Babban taron ƙungiyar Zonta suka zo, taron da ake yi sau ɗaya cikin shekara biyu.

Zonta ƙungiya ce ta mata ma'aikata da ƴan kasuwa, an kafa ta a 1919 a birnin Bafalo na Amurka. A lokacin taron Nis tana da mambobi kimanin 30.000 cikin ƙasashe fiye da 60. Tsarin taronta sananne ne. Kowane reshe yana aiko da wakiliya, a duba takardunta, a ba ta ikon jefa ƙuri'a. A zaɓi shugabanni, a gyara dokoki, sa'an nan a zo ga babbar magana: ina za a kai kuɗin taimako na shekaru biyu masu zuwa? A nan ne sunan Nijar ya fito. Wakilai suka amince da ba da dalar Amurka miliyan 1, wato fiye da miliyan 500 na sefa, ga shirin Ilimin Zaman Duniya, wanda hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tare da gwamnati a 2013 domin ɗiya mata masu shekara 10 zuwa 19.

Ba shi ne karon farko ba. A taron Orlando na 2014 an ba da irin wannan adadi ga shirin. A taron Yokohama na ƙasar Japan, a 2018, an ware dala miliyan 2 domin yaƙi da auren wuri cikin ƙasashe 12, har da Nijar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma a jahar Maraɗi abin ya kai kusan 9 cikin 10.

To, a makon da ake ɗaga hannu a Nis, ina waɗanda ake maganarsu? Suna gona. Farkon Yuli lokacin noman fari ne, hatsi ya fito, rumbu ya yi ƙasa.

Matafiyin da ya biyo babbar hanyar kwalta daga Yamai, idan ya shigo jahar Maraɗi zai ratsa Gidan Rumji. Daga nan sai Cibiri, fadar Sarkin Gobir, kusa da gulbin Maraɗi inda ake shuka bayan ruwa ya janye. Idan ya wuce Maraɗi ya yi gabas, sai Cadawa, sai Agiye, sai Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Agiye. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da wake da riɗi da aya. Ƙwarin gulbin Kaba yana ba mata kabar da suke saƙa tabarma da igiya. Itatuwan gawo da kalgo da ake gani cikin gonaki ba dasa su aka yi ba, manoma ne suka bar tohon kututture ya girma, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kan wannan aiki har baƙi suna zuwa gani.

Amma mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Inda gandu ya matse, gamanar mace ita ake fara karɓewa. Macen da ba ta da gamana ba ta da hatsin kanta, kuma uwar da hannunta ya ƙone ba ta iya cewa a bar ɗiyarta a lakkol in maneman aure sun zo. Yunwar 2005 ta nuna ma kowa yadda gida yake rushewa idan mace ba ta da ajiya.

A wannan jaha ce aka haifi wani taron, wanda ba shi da zaure ko na'urar fassara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyukan Maraɗi a kan tsohuwar al'adarsu ta adashi, aka gyara ta, aka sa mata suna Mata Masu Dubara. Mata kamar 30 su haɗu kowane mako a gindin itace. Kowa ta zuba abin da aka amince, ko dala 10 ko dala 20. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, don kada a buɗe sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta yi ƙuli-ƙuli ko ta sayi akuya, ta maido da ɗan ƙari. Idan shekara ta zagayo a raba, sau da yawa gab da damina, lokacin da ake neman iri da abinci. Babu ko tamma ɗaya daga waje.

Wannan dubara ta bar Maraɗi ta shiga ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, miliyoyin mata suna aiki da ita. Ita kanta Zonta, daga 2004 zuwa 2008, ta tallafa ma shirin Mata Masu Dubara a Nijar ta hannun CARE. Ke nan dalar Amurka ta zo ta tarar da dalar kasuwa, mai tamma 5, tana nan tana aiki.

Sai dai tsakanin tarurrukan biyu akwai tazara. Shugabar asusu ta Gazawa, ko da a 2016 ne, kafin jiragen Faransa su daina sauka Yamai a 2023, sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ta ga filin jirgin Yamai. Ga fasfo, ga biza, ga masauki, ga kuɗin shiga taro, kuma muhawarar da Ingilishi ake yin ta. Saboda haka hotonta ne yake isa zauren, ita ba ta isa. Masu jefa ƙuri'a sun yi da zuciya ɗaya, babu mai musun wannan. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ita ta san cewa ranar kasuwa ɗiya ba ta zuwa karatu, ta san wane liman ne zai saurara, ta san uban da talauci ya tura da wanda tsoron abin kunya ya tura.

Matan Nijar sun taɓa nuna cewa kujera ba a jiran ta. Ranar 13 ga watan Mayu 1991 suka yi maci a Yamai don a sa su cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, kuma aka sa su. Dokar 2000 ta ba su 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai 25. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu matan asusu sun zama kansiloli.

Magana ta dawo ga ƴan kasuwa da ma'aikata. Hajiyar da ke fatauci Dubai da Kwatano, da malamar da ofis yake aikawa taro waje, su ne masu fasfo, su ne masu harshe. Kafin ɗayansu ta ɗaura kaya, Agiye ba ta da nisa da Maraɗi, tafiyar kilomita 80 ce. Ta je ta zauna a tabarma ranar zubi, ta ji abin da za a faɗa, ta tafi da shi. In ta dawo kuma ta koma ta ba da bayani, kamar yadda ake ƙirga kuɗin akwati a gaban kowa.

Allah ya ba da damina mai albarka.