Salak Ɗin Bazara: Uwargida, Kada Ki Raina Ɗatun Gida

Ya muka ji da zafi? Mu dai a nan Talata Mafara, da zarar watan Maris ya kama har zuwa faɗuwar ruwan farko, sai dai haƙuri. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu, tuwon da kika sha wahalar tuƙawa kuma ya dawo miki kusan yadda kika kai shi. Maigida ya yi loma uku ya ture, yara su cika ciki da ruwa da ƙanƙara su kwanta. Duk uwa ta san wannan damuwa, domin yaron da ya yi makonni yana tsakurar abinci, shi ne damina za ta tarar ba ƙarfi, ga zazzaɓin cizon sauro yana jiran sa.

Abin da ke buɗe ciki a irin wannan lokaci shi ne abinci mai sanyi, mai ɗan tsami, wanda ba ya nauyi. 'Yan boko su ce salak. To a nan ne mata da yawa ke ja da baya, saboda an sa mana a rai cewa salak sai da bama da waken gwangwani da ƙwai da firij, wato abincin gidan masu hali ko na ranar biki. Ni kuwa na tashi na tarar kakata a Bakura tana yi mana salak kusan kullum, ba ta kuma taɓa riƙe kwalbar bama ba. Sunansa a bakinta ɗatu, mutanen Kano su ce kwaɗo. Ganye ne da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai, a cuɗa a ƙwarya, mu zagaye shi mu tashi da shi tas.

Kuma mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin rasa ganye. Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, an yi ta ne don noman rani a ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. Ba a banza muka same ta ba, domin a 1980 manoman da suka tashi neman haƙƙin gonakinsu da aikin ya ci, da dama sun rasa rayukansu. Albarkacin wannan ruwa ne ake samun tumatir da albasa da tattasai a tsakiyar rani. Abin takaici ne a ce ana loda kayan lambunmu a mota ana kai wa mutanen wasu garuruwa, 'ya'yanmu kuma suna wuni a kan shinkafa da mai da yaji.

Bari mu fara da uwa uba, ɗatun zogale. Ki gyara zogalenki, ki tsince itatuwan, ki wanke ki dafa har ya yi laushi. Kada ki cika masa kanwa, domin tana rage amfanin ganye. Ki matse ruwan ki baza shi a faranti ya huce. Ki daka ƙuli da ɗan barkono da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ki yanka albasa da tumatir, ki zuba man gyaɗa kamar cokali biyu, ki matsa lemun tsami, sannan ki cuɗa. Lemun nan ba don daɗi kawai ba ne. Zogale na da sinadarin ƙara jini, tsamin lemo da tumatir kuma na taimaka wa jiki ya ɗauke shi, shi ya sa wannan haɗi ya dace da mai ciki da mai shayarwa. Ƙuli kuwa yana gina jiki, don haka ranar da babu nama a miya ya toshe wani giɓin. Haka za ki yi da tafasa ko yaɗiya. Rama ce kawai sai kin zubar da ruwan dafuwar farko, don tsaminta ya ragu.

Idan kina son ya zama abincin rana sosai, wanda zai riƙe cikin 'yan makaranta, ki marmasa hoce a ciki, ko ki jiƙa kanzo ya yi laushi, ko ki yayyafa wa garin rogo ruwa ki haɗa. Gwaggona ta Maradun dafaffen wake take zubawa a ɗatun rama, 'ya'yanta kuwa ba su taɓa tambayar ina nama ba.

Sai kuma na ɗanyen ganye. Kabeji ya fi latas jure zafi, ya kuma fi auki. Ki yanka shi siriri, ki goga karas, ki yanka kokwamba ko gurji da albasa. A maimakon bama, ki haɗa man gyaɗa cokali uku da ruwan lemun tsami cokali ɗaya da ɗan gishiri a ƙaramar kwalba, ki girgiza sosai, ki zuba a kai, ki barbaɗa dakakken ƙuli. Idan da hali ki yanka dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu. Wannan yana tafiya da shinkafa da wake, da dafa-duka, da ɗanwake, har da dafaffen dankalin Hausa. Idan kin samu lansir a kasuwa, shi ko dafuwa ba ya so, wanki kawai, sai ƙuli da tumatir da albasa.

Na san za ki ce ai tumatir kan yi tsada idan bazara ta yi nisa. Gaskiya ne, kuma ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Arewa har kwando ya gagari talaka. To ɗatu ba ya tsayawa don babu tumatir. Lokacin mangwaro ne, ki samu wanda ya ƙosa bai nuna ba, ki fere ki yanka ƙanana, zai ba ki tsamin da kike nema. Yalo da gauta ma suna shiga, musamman ga maigidan da ke son ɗan ɗaci. Yara kuma ki yanka musu kankana da gurji da nunannen mangwaro a kwano ɗaya, ki ga yadda za su yi wawa.

Yanzu kuma uwargida, ki ba ni aron kunnenki, don abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne tsabta. Ɗanyen ganye ba ya bi ta wuta, saboda haka duk abin da ya kwaso daga ruwan ban ruwa da taki da hannun masu tayawa a kasuwa, cikin iyalinki zai tafi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, Zamfara kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ki fara wanke hannunki da sabulu. Ki ɓare ganyen latas ko kabeji ɗaya bayan ɗaya, ki yar da na waje, ki wanke da ruwan da ke kanki za ki iya sha, ki sauya ruwan sau biyu ko uku. Jiƙawa a ruwan gishiri ko ruwan kal na taimakawa, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Karas da kokwamba ki kankare bayansu. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa ganye sai an wanke ta. Idan kuwa kika ji cutar ta ɓulla a unguwa, ki ajiye ɗanyen ganye gaba ɗaya, ki koma ga zogale da rama da aka dafa. Wannan wata fa'ida ce ta ɗatun iyayenmu da ba kowa ke lura da ita ba.

Shi ma ƙulin ki duba shi. Wanda ya yi fumfuna ko yake warin tsufa, ki haƙura da shi ko da an yi miki araha, domin gyaɗar da ta yi fumfuna na ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Sannan a ci salak da zarar an haɗa. Na taɓa zuwa wani suna inda aka haɗa babban tire na kabeji da ƙwai da bama tun da hantsi, aka rufe a ɗaki ana jiran dangin miji, ba a buɗe ba sai bayan la'asar. Ya yi kyau a ido, amma a daren yara uku na gidan suka kwana suna zawo, mai jego da ya kamata ta huta ita ce ta kwana a tsaye. Masana lafiya sun ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba cikin sanyi ba, balle a zafinmu, ga wuta ba tabbas. Ki yanka kayanki ki rufe, mai da lemo da ƙuli kuma sai an zo ci. Ki haɗa daidai cikin iyalinki don kada ya yi saura.

Abu na ƙarshe, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukanmu a shekarun nan ya hana manoma da yawa zuwa gona yadda suka saba, kowa kuma ya ji a kuɗin cefane. Muna roƙon Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Kafin nan, ki dasa zogale ko da biyu ne a tsakar gida. Reshe kawai za ki kafa, ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi, cikin 'yan watanni kin fara tsinka. Na gidana ya fi shekara shida, kuma babu makon da maƙwabciya ba ta aiko yaro a sam mata.

Ki gwada ɗaya daga cikin waɗannan a makon nan, ki zuba a faranti mai kyau, ki jera yankan albasa da tumatir a sama yadda za ki yi wa baƙo, ki ga ko kwanon zai dawo da saura. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya kawo damina mai albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.