Tambayar da kawu ya bar mini

Kawuna ya yi karatun injiniya a Kiyef a shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyet. Muna yara a Maradi yakan ba mu labarin wata tafiya da ya yi ta jirgin ƙasa zuwa Warso, inda ya tarar da mutanen Folan cikin dogon layi, kowa da katin rabon nama a hannu. Ya ce tausayinsu ya ji, don a ganinsa Yukren ta fi su wadata.

Kafin rasuwarsa ya tambaye ni: "Kai da kake koyar da malamai, yaya aka yi na baya ya wuce na gaba?" Na yi shiru, kunya ta kama ni. Sai daga baya na zauna na bincika.

A 1990 arzikin mutum ɗaya a ƙasashen biyu bai yi nisa da juna ba. A watan Janairu na shekarar, ministan kuɗin Folan, Leszek Balcerowicz, ya saki farashi, ya yanke tallafi. An sha wuya, mutane da yawa sun rasa aiki. Amma ƙasar ta gyara dokokinta, ta sake fasalin makarantu a 1999, ta shiga Tarayyar Turai a 2004.

Yukren kuwa ta samu ƴanci a 1991, gyara ya yi ta jan ƙafa. A 1993 farashi ya ninka fiye da sau 40, ajiyar ma'aikata ta narke. Manyan masana'antun gwamnati suka faɗa hannun ƴan tsiraru masu uwa a gindin murhu. Tun kafin yaƙin 2022, arzikin ɗan Folan ya ninka na ɗan Yukren fiye da sau 3, dubban ɗaruruwan ƴan Yukren suna ci-rani a can.

Abin da na fahimta shi ne, barin gurguzu kaɗai bai azurta kowa ba. Tambayar ita ce: wa ya gaji dukiyar jama'a, kuma doka ta hau kansa ko shi ya hau kanta?

A da nakan ce wa ɗalibaina su haddace shekarun kawai, don su ke fitowa a jarrabawa. Yanzu sai na rubuta sunayen ƙasashen biyu a allo, na maimaita musu tambayar kawu, na koma kujera ina sauraro. Iyaye, idan yaranku suka zo gida da irin wannan tambaya, kada ku ce surutu ne.