Makirufo da Lalle

Da safe ina gabatar da shirin mata a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Maraɗi. Daga la'asar kuma ina ɗan shagona, ina gyaran farce da ƙunshi. Masu saurare na zaton mai magana a rediyo ta fi ƙarfin riƙe ƙafar wata. Albashin kuwa sai wata ya yi nisa yake zuwa, mai gidan haya ba ya jira.

Jan farce na kanti yana hana ruwan alwala taɓa farce, shi ya sa mata da yawa ba sa shafa shi sai kwanakin da ba sa salla. Lalle ne ke ci kullum, shi kuwa ba a yi masa gaggawa: a gyara farce, a zana, a zauna awanni kafin ya kama.

Rigimar tana jajibirin salla. Ranar ce ƴan mata ke layi har tsakar dare, ranar ce kuma shugaban shirye-shirye ke son kowa a bakin makirufo saboda gaishe-gaishe. Ana iya naɗar shiri tun da wuri, amma masu kiran waya ba sa naɗuwa. Bara na bar wa ƙanwata shagon. Wata Hajiya da na shekara 4 ina yi mata ƙunshi ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, hannunki na zo nema." Har yau ba ta dawo ba, amma duk Laraba sai ta kira shirin.