Mun Je Vom Saboda Kaji

A farkon watan Disamba na 2023 muna da kaji 26 a bayan gidanmu. Kafin ranar Kirsimeti saura 3 kaɗai. Ga yadda abin ya faru. Wata ranar kasuwa muka ga wani jan zakara mai kyaun gani, mai shi kuwa yana neman rabuwa da shi da araha. Muka saya muna murna, muka kawo shi gida muka sake shi cikin sauran. Bayan kwana biyar sai ya fara gyangyaɗi, ya saki fukafukai. Sa'an nan sauran suka bi shi, da zawo kore, da numfashi da kyar, waɗansu wuyansu ya murɗe har suna duban sama. Uwargida ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono ta ba su, muka sayo kafso muka zuba a ruwa, duk a banza.

Albashin malamin makaranta ba wani abu ba ne, masu karatu sun sani. Kajin nan su ne littattafan yara na zangon Janairu, su ne kuma abin yi wa baƙo maraba. Maƙwabta suka ce mana, "Haƙuri, Malam, haka hunturu yake, kowace shekara sai ya ɗebi rabonsa." Mu dai ba mu gamsu ba. Saboda haka da aka yi hutun Agusta na 2024, sai muka amsa gayyatar wani tsohon abokinmu na kwalejin horon malamai wanda ke zaune a Vom, garin da kowa ya sani da maganin dabbobi.

Muka tashi daga Kafancan da sassafe, muka bi ta Kagoro, ga dutsen nan nasu a tsaye bisa garin, girgije ya rufe kansa. Daga Manchok hanya ta fara hawa. Mota tana nishi, mu kuwa muna ta jawo riguna, gama ko'ina muka ƙara gaba sai sanyi ya ƙaru. Da muka wuce Ganawuri sai ƙasa ta buɗe, babu manyan itatuwa irin namu, sai ciyawa kore shar da duwatsu waɗanda aka ɗora wani bisa wani kamar da hannu. Vom tana bisa tudun Jos, tsayin wurin ya fi mita 1,200 daga bakin teku. Ƙasar Birom ce. Gonakinsu ƙanana ne, an kewaye su da shingen ƙerana, ciki kuwa ga acca, ga masara, ga dankalin Turawa.

Abokinmu ya zaga da mu muka ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa. Tun 1924 ake aikin nan a Vom. Abin da ya fi damun mutane a lokacin shi ne bushiya, cutar da takan share garken shanu ƙaƙaf. Da rigakafi aka yi ta yaƙinta shekara da shekaru, har a 2011 aka sanar cewa an kawar da ita daga duniya duka. Yanzu ana yin rigakafin cututtuka iri iri a wurin, har da na kaji. Muka yi ta kallon gine-gine, amma gaskiya babban karatunmu ba a can muka yi shi ba. A bayan ɗakin mahaifiyar abokinmu muka yi shi.

Tsohuwar nan tana da kaji kamar 30, da zabi kaɗan. Da gari ya waye, hazo bai ko tashi ba, muka same ta a bakin akurki da ƙwarya a hannu. Muka gaisa, muka ba ta labarin hasararmu. Ta saurara har muka gama, sa'an nan ta ce, "Ɗana, zakaran nan da ka saya, kwana nawa ya yi shi kaɗai kafin ka haɗa shi da naka?"

Muka ce, "Mama, ko awa ɗaya bai yi ba."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Wanda ya sayar maka ya san abin da ke gidansa. Da hunturu in ka ga kaza da araha, ka tambayi kanka dalili." Ta nuna mana wani babban kwando can nesa, kusa da shinge. Duk kazar da ta shigo gidan, ko ta saye ce ko ta kyauta, a nan take yin mako biyu, da kaskon ruwanta dabam. In ta fita lafiya sai ta shiga cikin jama'a.

Kwana huɗu muka yi muna bin ta muna kallo. Ba ta buɗe akurki sai ta watsa musu dusa da ɗan tsaki a gabanta, domin ta ga wadda ta ci da wadda ta ƙi ci. A nan take ƙirga su. Da yamma kuma ta sake watsa musu kaɗan a bakin akurki, don haka ba ta bin kowa da gudu, da kansu suke dawowa. Ruwa kullum sabo ne, ta kuma zuba ƙananan duwatsu a kaskon don kada 'yan tsaki su faɗa su nutse. Akurkin na laka ne da rufin ciyawa, an ɗaga shi daga ƙasa, ƙofarsa tana rufuwa sosai saboda muzuru da maciji. Takan share shi sau biyu a mako, ta kai kashin lambu, ta barbaɗa toka a ciki. A gefe guda ta tara toka da rairayi inda kajin ke birgima, wannan ne ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

'Yan tsaki ne suka fi samun kulawarta. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsohuwar ta ce tsoron uwa kaɗai ba ya hana shirwa ɗauka. A makonnin farko takan kife su da uwarsu a ƙarƙashin kwando, ba ta sake su sai raɓa ta bushe, gama a sanyin Vom ɗan tsakon da ya jiƙe da safe da wuya ya kai yamma. Abincinsu na ƙarfi kuwa gara ce. Takan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan masara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta inda gara ke bi. Kashegari sai ta juye musu. Ba ta biyan ko kwabo.

Muka ga wata kaza tana kwanci a lungu. Ƙwai 10 ne a ƙarƙashinta, kowanne da alamar gawayi, domin in wata ta zo ta ƙara sabon ƙwai a gane shi a cire. Ta ce in aka cika wa kaza ƙwai fiye da yadda za ta iya rufewa, na gefe sukan yi sanyi su lalace. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa sai ya kai wajen kwana 28. Zabuwa ba ta cika haƙurin kwanci ba, shi ya sa kaza ce ke yi mata wannan aiki.

A rana ta uku wani maƙwabcinsu, ma'aikacin lafiyar dabbobi, ya zo gaishe mu. Da muka kwatanta masa yadda kajinmu suka mutu, ya ce alamun sun yi kama da cutar Niyukasil. An fara gane ta a 1926, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya da kuma wani gari mai wannan suna a Ingila. Ƙwayar da ke kawo ta ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, don haka kuɗin da muka kashe a kanti zubarwa muka yi. In ta kama kaza ba ta da magani. Tana bin numfashi da kashi, tana bin takalmi da kwando da hannun mai yanka. Takan fi tsanani da hunturu, lokacin da kuma kaji ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa saboda bukukuwan ƙarshen shekara.

Muka ce, "To, Likita, ina mafita?"

Ya ce, "Malam, ɗigo ɗaya ne a ido." Ya bayyana mana wani rigakafi da ake kira I-2, wanda masana a Ostareliya suka samar domin kajin ƙauye, ana kuma yin sa a nan Vom. Ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana, akan naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma in za a yi tafiya da ita. Ana ɗiga wa kowace kaza, babba da ƙarama, a ido ɗaya. Sai mai lafiya ake yi wa, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki. Ana maimaitawa bayan wata uku ko huɗu. Wanda ya jira har kaza ta fara gyangyaɗi ya makara.

Ya ƙara mana da kashedi biyu. Na fari, kazar da ta mutu da ciwo a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefa ta a juji inda kare zai ja ta zuwa gidan wani, kada kuma a kai masu ciwo kasuwa. Na biyu, ɗigon nan ba ya tsare murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2006, alamunta kuwa suna kama da na wannan. In kaji suka fara zubewa da yawa farat ɗaya, a hana yara taɓa su, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Maganar kai masu ciwo kasuwa ta sa muka yi shiru. Gama a makon nan na hasara, da muka ga kaji suna ƙarewa, mun aiki yaro da guda huɗu waɗanda ba su riga sun kwanta ba, ya sayar. Mun yi ta zargin mai jan zakara, ashe abin da ya yi mana shi muka yi wa wani gida wanda ba mu sani ba. Uwargida ta dube mu, mu ma muka dube ta, ba wanda ya ce kome.

Ranar komawa tsohuwar ta ba mu sagara biyu a kwando. Ta ce, "Ko nawa ne, ɗana, mako biyu." Muka yi dariya, muka yi alkawari, muka kuwa cika.

Kwalba ɗaya ta rigakafin ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta daɗewa. Saboda haka da muka dawo muka bi gidajen unguwarmu muna magana. Waɗansu suka ce wa ya taɓa jin an yi wa kaza ɗigon ido. Gida tara suka yarda, muka haɗa kuɗi. A watan Oktoba, wata Asabar da asuba kafin a buɗe akurkai, muka zaga da ma'aikacin dabbobi na yankinmu, 'yan aji shida suna kamawa, shi yana ɗigawa, mu muna rubuta lissafi a littafi. Muka sake yi a Fabrairu.

Hunturun nan ciwon ya shigo garin kamar kullum. Shirwa ta ɗauke mana 'yan tsaki biyu, muzuru ya ci ɗaya daren da aka manta da ƙofa. Amma ba mu binne ko kaza ɗaya ba. Da zangon Janairu ya zo, uwargida ta sayar da zakaru uku, yara suka tafi makaranta da littattafansu. Kwandon baƙi yana nan kusa da katanga, yanzu haka akwai wata farar kaza a ciki, ta yi kwana shida, saura takwas.