Masu Ƙaurace wa Nama da Ciwon Gudun Abinci: Abin da Na Tarar a Ingila

Duk wanda ya shiga babban gidan abinci a Landan zai ga lamba biyu a gefen sunan kowane abinci: ɗaya ta kuɗin da zai biya, ɗaya ta yawan kalorin da ke cikin farantin. Tun watan Afrilun 2022 doka ta wajabta wa kamfanonin sayar da abinci masu ma'aikata 250 zuwa sama su rubuta wannan lamba, su ƙara da cewa baligi na buƙatar kusan kalori 2,000 a rana. Don yaƙi da ƙiba aka yi dokar. Ni da na fito daga inda cikar kwano ce ma'aunin abinci, dariya abin ya ba ni. Yayata da ta sauke ni, wadda ta daɗe tana aikin jinya a can, ba ta taya ni ba. Ta ce akwai mutanen da wannan 'yar lambar kan raba su da abincin rana ɗungurungum, shi ya sa dokar ta yarje wa gidan abinci ya miƙa takarda marar lambobi ga wanda ya nema.

Mutanen da take nufi ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar Beat, wadda aka kafa a 1989 kuma take da mazauni a birnin Norwich, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.25 ne ke fama da ciwon da ya shafi cin abinci a Birtaniya. Mafi muni a ciki shi ne anoreziya, wanda wani likitan Landan, William Gull, ya raɗa wa suna tun 1873. Mai shi yana rama har ƙasusuwa su fito, amma tsoron ƙiba ya hana shi loma. Yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma bai bar maza ba.

A ƙasar nan dai aka haifi aƙidar 'yan bigan, masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, madara, ƙwai, har zuma. Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiyar Vegan Society a 1944. Yau babu babban kantin da za ka shiga ba ka ga madarar waken suya da makamantanta a jere ba. A watan Janairun 2020 wata kotun ma'aikata, ita ma a Norwich, ta yanke cewa ƙaurace wa kayan dabba don tausayi aƙida ce da dokar daidaito ta 2010 ke karewa. Saboda haka idan yarinya ta zo asibiti a rame ta ce ita ba ta shan madara, likita ba ya da ikon kawar da zancen da hannu ɗaya.

A nan gizo ke saƙar. Ciwon gudun abinci yana son uzurin da jama'a za su yaba. Wadda ta ce tana tsoron ƙiba za a yi mata ca; wadda ta ce tana tausayin saniya sai a jinjina mata, alhali ta sami hanyar ture rabin abin da ke kan tebur ba tare da gardama ba. Wasu kuwa da gaske suke, sun shekara goma a kan aƙidar kafin ciwon ya same su. A 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar da ta masana abinci da Beat suka fitar da matsaya ɗaya kan yadda za a bi da irin waɗannan majinyata. Tambayoyin da ake yi sun burge ni don sauƙinsu. Wanne ya riga wani, aƙidar ko ramar? Tana guje wa takalmin fata, ko a baki kaɗai tausayin ya tsaya? In aka kawo mata soyayyen dankali da kek ɗin da babu ƙwai ko madara a ciki, za ta ci? Wadda ta ƙi man zaitun da gyaɗa, waɗanda ba a zubar da jinin kowa ba kafin a same su, ba dabba take karewa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan abincin da mai murmurewa ke buƙata. Wannan 2,000 da ke kan takardar gidan abinci ba tasa ba ce. Hujjar da ake yawan komawa gare ta tsohuwa ce. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu da suka ƙi ɗaukar makami a yaƙin duniya, ya rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon makonni 24, yawanci dankali da burodi da taliya. Suka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya dame su, fushi ya yawaita, wasu suka koma tara littattafan girki suna kallo. Da aka zo mayar da su, ƙarin bitamin da furotin bai yi wani tasiri ba muddin abincin bai wadata ba, sai da aka kai wajen kalori 4,000 a rana jiki ya fara komawa sosai. Haka ake gani a ɗakunan jinya har yau: jikin da ya fara samun abinci bayan doguwar yunwa yakan ƙone shi da sauri, mutum ya riƙa gumi cikin dare, ya ci 3,000 ko fiye amma sikeli ya ƙi motsi. Burin da aka saba sa wa wanda ke kwance a asibiti rabin kilo zuwa kilo ɗaya ne a mako.

Sai dai ba a dira a kan wannan adadi rana ɗaya. Idan jikin da ya daɗe cikin yunwa ya sami abinci mai yawa kwatsam, sinadarin fosfet na cikin jini kan faɗi, zuciya ta rikice, ana iya rasa rai. Shi ya sa makonnin farko na likita ne da gwajin jini, ba na mai koyar da motsa jiki ba. Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi aikin tamowa a Maraɗi ko Katsina ya san wannan ƙa'ida: yaron da ya galabaita madarar F-75 ake fara ba shi, sai ya daidaita a matsa zuwa F-100.

Ga ɗan bigan akwai ƙarin wahala, ita ce cikar ciki. Dafaffen wake giram 100 bai wuce kalori 120 da 'yan kai ba, ganye kuwa ba a ma maganarsa. Cikin da ya daɗe babu aiki yana jinkirin sauke abinci, ga kumburi, don haka mutum kan ƙoshi tun bai kai rabin buƙatarsa ba. Maganin da masana abinci ke bayarwa ya sa na yi murmushi, don kusan duk kayan kasuwarmu ne: tunkuzar gyaɗa mai mai, wadda giram 100 nata ya kusa kalori 600, da riɗi, da dabino, da farar shinkafa, da mai, wanda cokali ɗaya babba ke ba da wajen 120. Ga kuma awara, wadda yaranmu ke saye a bakin makaranta, can kuwa an naɗe ta a leda ana sayarwa da tsada. Sannan dole a haɗa da ƙwayar bitamin B12, domin tsiro ba ya ba da shi. Vegan Society na ba da shawarar maikurogiram 10 kullum ko 2,000 a mako. Haka kalsiyam da bitamin D da ayodin. Inda tura ke kai bango shi ne lokacin da rai ke cikin haɗari aka koma ciyarwa ta bututun hanci, domin galibin abincin ruwa na asibiti da madara ake yin sa. Ko Plumpy'Nut da muka sani, duk da gyaɗarsa, akwai garin madara a ciki. A irin wannan hali ceton rai ake sawa gaba, a yi wa majinyaci bayani, aƙidar ta jira.

Bayan uzurin zama ɗan bigan, ɗaga ƙarfe shi ne ƙofa ta biyu da ciwon ke sake shigowa ta cikinta. Gidajen motsa jiki da yawa a Landan ba sa rufewa dare da rana, kuma Instagram cike yake da 'yan mata masu nuna hoto biyu, na lokacin rama da na bayan fitar ƙwanji, wai sun warke. Wasu sun warke ɗin. Wasu kuwa lissafin kalori kawai suka musanya da lissafin giram na furotin, tsoron bai je ko'ina ba. A 2014 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya fitar da bayani kan abin da ke faruwa ga mai motsa jikin da ba ya cin abin da ya ishe shi: al'adar mace ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, bugun zuciya ya ragu, tsokar da ake nema ma ta ƙi ginuwa. Jakin da ya sha rani ba a ɗora masa mangala ranar da ya fara ganin ɗanyar ciyawa.

Wannan ba ya nufin an haramta ƙarfe har abada. Wani bincike da aka yi a Madrid aka wallafa a 2014 ya nuna cewa 'yan matan da aka sallama daga asibiti, suka yi atisayen ƙarfe na makonni 8 ƙarƙashin kulawa, sun ƙara ƙarfi ba tare da sun rame ba. Sharaɗin shi ne a bi mataki-mataki: likita ya duba zuciya da jini da ƙashi, nauyi ya hau, sannan a fara da kaɗan, sau biyu ko uku a mako, da mai sa ido, kuma kowane atisaye a biya shi da ƙarin abinci. Furotin kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki ya ishi mai neman tsoka, kuma awara da wake da madarar waken suya suna iya kawo shi. A ganina gwajin da ya fi kowanne shi ne na ranar hutu. Wanda zai iya fashin atisaye ya ci abincinsa cikakke ba tare da jin ya yi laifi ba, ya kama hanya. Wanda ba zai iya ba, da sauransa.

Iyalan Hausawa da ke zaune a Landan da Manchester da Birmingham, 'ya'yanku makaranta ɗaya suke zuwa da 'ya'yan Turawa, waya iri ɗaya suke riƙewa, kuma wayar ta iso Kano da Yamai. Idan yarinya ta daina cin nama, ta bi da mai, ta koma auna shinkafa, tana rama tana ƙara gudu, kada a tsaya kiran abin iyayi ko a ɗora wa iska. A kai ta wurin likita a makon, a kuma faɗa masa duk abin da ta daina ci da ranar da ta fara.