Tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu

Duk maginin da ya ɗaura bakan gizo a ƙasar nan, daga Sakkwato har Potiskum, sawun Muhammadu Durugu yake bi. Shi ne Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya hau gadon sarauta a 1834. Ba siminti, ba ƙarfe. Ƙasa ce da azara, ya sarrafa su har suka ɗauki tulluwa. Sana'ar kuwa ba ta bi shi kabari ba, zuriyarsa suka gaje ta tare da sarautar magina. Abin takaici, a shekarun 1970 aka lulluɓe aikinsa da ginin siminti, mai wucewa ba ya ganinsa sai ya shiga ciki. Allah Ya jiƙansa.